"Ni fa OCD gareni": yadda sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa suka koma kayan hira

Ranar walimar wata ƙanwarmu ana ta hidima a tsakar gida, wata antinmu ta hana kowa taɓa kulolin abinci sai ita ta jera su da kanta, manya a baya ƙanana a gaba, hannun kowace kula ya kalli gefe ɗaya, da aka fara yi mata tsiya sai tace "dan Allah ku barni, ni fa OCD gareni" aka kwashe da dariya. Nima nayi dariyar, bazan ɓoye ba. Sai da na fito soro naga ɗan baffanmu tsugune da buta tun kafin a kira la'asar sannan jikina yayi sanyi, domin shi wannan bawan Allah yakan shafe kusan awa guda a wajen alwala, ya wanke hannu ya kai ga fuska ya dawo ya faro daga farko, in ya samu ya shiga sahu ya kabbarta ya saki ya sake kabbartawa har liman ya kai ruku'u, fatar hannunsa duk ta tsattsage saboda ruwa da sabulu. Shi babu wanda ya taɓa kiran ciwonsa da sunan Turanci. "Mai waswasi" ake ce masa, wasu suce iyayi ne, goggonninmu kuma sun daɗe da yanke cewa mutanen ɓoye ne.

Wato wadda bata da ciwon ita ta ɗauke sunan, domin OCD sunan Turanci ne na ciwon waswasi, mai ciwon kuma an barshi da zargi.

Yanzu abin ya zama ruwan dare, ka leƙa sitatus ɗin mutane ko TikTok kaga ikon Allah. Data ta ƙare, difireshin. Arsenal ta sha kashi, difireshin. Matar da tayi fushi da safe ta huce da yamma mijinta yace baifola ce, budurwar da saurayi ya yaudara tace dama nasisis ne, wato mai tsananin son kansa da ji da kai, wanda ya kwana a layin mai yace an bashi turoma, wato tabon firgici a zuciya, ɗalibin da ya kasa karatu saboda waya na hannunsa tun safe yace ai ADHD, wato ciwon kasa tara hankali da rashin natsuwa, ke damunsa. Galibi ba da mugun nufi ake faɗa ba, ado ne na magana, kuma ni ba ɗan sandan baki bane. Amma waɗannan kalmomi suna da ma'auni a wajen masu su, kuma idan ka san ma'aunin bakinka da kansa zai riƙa nauyi.

Likitan ƙwaƙwalwa baya raɗa wa ciwo suna da ka. Akwai manyan kundaye biyu da ake aiki dasu, DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda bugunsa na biyar ya fito a 2013, da ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. In ka duba kusan kowane ciwo a ciki zakaga tambayoyin basa canzawa: tun yaushe abin ya fara, yaya ƙarfinsa yake, ya hana mutum aikinsa ko karatunsa ko zaman iyalinsa, sannan an tabbatar ba wani ciwon jiki ko wata ƙwaya da yake sha ce ta jawo ba? Alamomin kansu kowa na da ɗan rabonsa, duk ɗan Adam yana baƙin ciki yana fargaba yana mantuwa, wannan ba ciwo bane rayuwa ce. Abin da ke mayar dashi ciwo shine daɗewa da kuma yadda ya kwace ragamar mutum daga hannunsa.

Mu ɗauki OCD ɗin tunda da ita muka fara. Mutane sun ɗauka son tsafta ne da son tsari. A'a. Abu biyu ne a haɗe, akwai tunanin da ke kutsowa zuciya ba'a gayyace shi ba, mai tsoratarwa ko mai ƙyama, kamar ace najasa ta taɓa ni, ko ban kulle gas ba gida zai kama da wuta, ko wata mummunar magana game da Ubangiji da mutum ya gwammace ya mutu da ya furta ta, sannan akwai aikin da yake ta maimaitawa don ya samu sauƙin wannan tsoron, wanki ko dubawa ko ƙirge ko sake niyya. Sauƙin baya wuce 'yan mintuna sai tunanin ya dawo da ƙarfinsa, shi kuma ya sake, haka ake ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ma'aunin DSM yace abin yana cin sama da awa guda a rana ko kuma yana jefa mutum cikin ƙunci mai tsanani. Babban bambancin shine antinmu daɗi take ji in ta jera kulolinta, ta koma gefe tana kallo tana murmushi, shi kuwa ɗan baffa ya tsani abin da yake yi, ya san babu hankali a ciki, yana yi yana kuka a zuci. Kuma da yawan masu ciwon ɗakinsu kaca-kaca yake domin yaƙin a cikin kai ake yinsa.

Abin da ke bani mamaki shine mu da muka tashi a islamiyya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A cikin Ahalari da muka haddace muna yara an kawo hukuncin mai waswasi a babin rafkanwa, cewa ya watsar da waswasin daga zuciyarsa kada ya kawo abin da yake shakka a kai, yayi sujada bayan sallama kawai. To maganin da masana halayyar ɗan Adam suka fi yarda dashi a yau kusan a kan wannan ƙa'idar yake tafiya, a saba wa mutum fuskantar abin da yake tsoro a hankali a hankali tare da hana shi maimaita aikin har ƙwaƙwalwa ta gane babu abin da zai faru, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi irin su fluoxetine. Tun kafin nan ma Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya ware babi guda a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus a kan waswasin zuciya, ya kuma raba baƙin ciki tsakanin wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai babu dalili, wanda yace tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu kenan fa.

Wannan rabon nasa shi ya kawo mu kan difireshin, wanda likitocinmu ke kira ciwon damuwa, kuma inaga fassarar ma tana cikin abin da ya rikita lissafi domin waye bashi da damuwa a ƙasar nan? Ma'aunin dai shine aƙalla sati biyu a jere, kusan kullum kusan duk yini, da alamu biyar cikin tara, kuma dole a ciki akwai ko dai ƙuncin rai ko kuma mutuwar sha'awar abin da da yake faranta maka. Sauran sun haɗa da rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tara hankali, jin kai ba komai bane ko ɗora wa kai laifi, da tunanin mutuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mutum miliyan 280 ke fama dashi. Wanda yace yana difireshin don ƙungiyarsa ta faɗi, gobe in ta ci zaka ganshi yana ihu a gidan kallo. Mai ciwon kuwa ko kujerar Makka aka bashi a lokacin bazai ji komai ba, kuma wannan rashin jin shine ke ƙara kashe shi domin sai ya fara zargin imaninsa.

Ga wani abu da ma'aikatan asibiti suka sani sarai. A wajenmu masu wannan ciwon na gaske da wuya su shigo suce rai ne ya ɓaci. Cewa suke kaina ke zafi, wani abu na yawo a jikina, gabana ke faɗuwa, bana barci, jikina ne dai babu daɗi. Sai a yi ta ɗura musu maganin taifod da maleriya wata da watanni, ayi hoto ayi gwajin jini babu komai. Mai jego ta daina cin abinci ta daina kula jariri tana kuka babu dalili ace shagwaɓa ce ko kewar gida. Sannan ta ɗaya gefen akwai ciwukan jiki da ke kwaikwayon ciwon damuwa, kamar ƙarancin jini ko raunin aikin tayirod ɗin nan na maƙogwaro, shi yasa likita ke neman gwaji kafin ya yanke, abin da bidiyon minti ɗaya bazai taɓa yi maka ba.

Baifola kuwa ita aka fi zalunta. An mayar da ita sunan mai saurin fushi da saurin hucewa, ko wanda yau fari gobe baƙi. Ciwon asali ba a awa ake auna shi ba. Mutum zai shiga wani yanayi na tashin ƙarfi na aƙalla sati guda, barcin awa biyu ko uku ya ishe shi kuma baya jin gajiya, magana kamar an kunna rediyo ba'a iya katse shi, ya ɗauki jarin shagonsa ya rabar ko ya zuba a wata harkar da babu kai babu gindi, yana ganin shi wani ne na musamman da aka aiko da gyaran duniya, bayan nan kuma ya faɗa rami na makonni ko watanni ko tashi daga katifa baya iyawa. A tsakani yana iya shekara lafiyarsa ƙalau yana sana'arsa. Kuma anan ne zakaga suna ba wasa bane, domin in aka ɗauki mai baifola a matsayin mai ciwon damuwa zalla aka bashi maganin damuwa shi kaɗai, maganin na iya tunzura shi ya haura can sama. Nashi maganin daban ne, irin su lithium da wani likita ɗan Ostireliya John Cade ya gano amfaninsa a 1949. Yanzu ka ɗauki wanda ya yanke wa kansa hukunci daga waya ya nufi kemis ɗin unguwa.

Turoma ba sai na ja ba. Duk wanda ya san abin da mutanen Borno da Yobe suka gani tun 2009, ko ƙauyukan Zamfara da Katsina, matar da ƙarar babur kawai ke sa ta ruga cikin daji da goyo, mutumin da ke farkawa da ihu kullum dare shekara da shekaru, zai ji kunyar cewa dogon layin banki ya bashi PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Sunan ma sai a 1980 ya shiga kundin likitoci, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Haka ADHD, sharaɗi ne alamun su kasance tun kafin shekara 12 kuma a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali, ba wai bara da ka sayi sabuwar waya ba.

Sai nasisis, wanda yanzu kusan duk auren da ya mutu a intanet da shi ake rufe labarinsa. Akwai ciwon halayya mai wannan suna, gaskiya ne, amma kafin a tabbatar sai ƙwararre ya zauna da mutum ya bibiyi tarihinsa tun ƙuruciya. Su kansu likitocin an ɗaure musu baki a kan yanke hukunci daga nesa. A 1964 wata mujalla a Amurka mai suna Fact ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater na da lafiyar da zai yi mulki, sama da dubu suka ce bashi da ita alhali ko ɗaya bai duba shi ba, ya kai mujallar kotu yayi nasara, daga baya a 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kafa doka cewa haramun ne likita ya laƙaba wa wani sananne ciwo ba tare da ya duba shi ya kuma samu izini ba. To wanda yayi shekaru yana karatun abin kenan, ina ga ni da kai da muka ji ɓangare ɗaya na labari a wani shafin tonon asiri. Kuma ni abin da ya fi damuna shine kalmar tana wanke mai laifi ba'a sani ba. Namijin da ke dukan matarsa ko yake hana ta abinci azzalumi ne, kalmar na nan, tana da nauyi a shari'a da al'ada, in kace mara lafiya ne ka buɗe masa ƙofar cewa ba yin kansa bane.

Me ya sa abin ya kama mu haka? Inaga saboda mun daɗe da kalma ɗaya tal, hauka, ita ke haɗiye komai tun daga mai tafiya tsirara a kasuwa har mai farfaɗiya wanda shi ciwonsa ma na jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne daban. Sunayen asibitocin ma zagi muka mayar dasu, a Kano ace sai an kaika Dawanau, a Sakkwato Kware, a Kaduna Barnawa. Ita hukuma ma haka ta tafi, dokar da ƙasar ke aiki da ita tun 1958 sunanta Dokar Mahaukata, sai a watan Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Da kalmomin Turanci suka shigo sai suka zo da wani abu da hauka bata dashi, basa zubar da mutunci, har ma wani ɗan aji suke ƙarawa. Budurwa zata iya cewa tana da anzayati, wato ciwon fargaba, a gaban saurayi, bazata taɓa cewa tana da taɓin hankali ba ko da wasa. Sai muka karɓe su muka yi musu irin riƙon da muka yiwa tsohuwar kalmar, rabi zagi rabi ado.

Ga kuma inda muke ɗauko ilimin. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Kanada a 2022 ya duba bidiyoyi 100 da aka fi kallo a TikTok kan ADHD ya samu 52 daga ciki na ɓatar da mutane ne. Dalilin a fili yake, bidiyon da zaice in kana manta inda ka ajiye makulli kana da ciwo kaza shi zai yi yawo, domin kowa zai ga kansa a ciki ya tura wa abokinsa. A ƙasar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ke kukan cewa basu kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje, dole waya ta zama asibiti.

Kada kuma a ce na ɗauki gefe ɗaya. Yawan ambaton nan yayi rana, akwai waɗanda a bidiyo suka fara jin cewa abin da ke cinsu shekaru yana da suna yana da magani, suka samu ƙarfin zuwa asibiti maimakon a kaisu inda za'a ɗaure su da mari, kuma mun ga irin waɗannan wuraren, a watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Sannan ba kowane mai cewa difireshin cikin raha bane yake raha. Wani da wasa yake gwada ruwa yaga ko akwai mai tsayawa ya saurara, in ka tare shi da "kai dalla ba haka difireshin yake ba" ka rufe ƙofar da da ƙyar ya buɗe. Gara ka tambaye shi tun yaushe, kana barci kuwa, kana iya cin abinci? Amsar da kanta zata nuna maka inda aka dosa.

Amma ɓarnar tana nan. Kalmar da kowa ke amfani da ita kan ƙarewar data, ranar da yarinya zata tattaro ƙarfin hali tace "Mama ina ganin ciwon damuwa ke damuna" amsar da zata samu itace kowa ma yana dashi, tashi ki ɗora tukunya. Kuma ba rashin kalmomi ne ya kaimu aro ba, Hausa ta ƙoshi ta wannan fannin. Akwai ɓacin rai akwai takaici akwai ƙunci, zullumi daban fargaba daban, mai tsantseni ba mai ƙyanƙyami bane, ga ji da kai ga son kai ga izza, yaro mai ƙiriniya da mai rawar kai duk mun san bambancinsu. Antinmu mace ce mai tsari da son a san ta iya, shikenan, kuma hali ne mai kyau, ita ce ma ke sa bikin gidanmu baya watsewa.

Shi ɗan baffa daga ƙarshe wani malaminsu ne na karatun dare, bayan yayi masa bayanin hukuncin mai waswasi yaga abin ya fi ƙarfin nasiha, yace masa "ɗana wannan sai ka haɗa da asibiti" ya kuma samu baffa da kansa ya lallashe shi. Yanzu yana shan magani yana zuwa ganin likita, ranar da abin yayi sauƙi minti goma ta ishe shi alwala, wata ranar kuma ya koma kamar da. An faɗa masa sunan ciwon tun zuwan farko, haruffa ukun nan dai da aka yiwa dariya a tsakar gida, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin ya furta su ba. In ranar asibitinsa ta zo aka tambaye shi ina zuwa, cewa yake zai je ganin likitan olsa.